MACIZAN KAN BISHIYA A HANYAR SHANU, DAGA GARWA ZUWA KURMI

A wannan fitowa mun ajiye maganar farashi da ta takardun kan iyaka, za mu taɓo wata magana da ta shafi ran yaran da ke kora mana dukiya, watau maganar macizan da ke zama a kan itatuwa. Ina suke, ina ne iyakarsu, kuma wanne ne abin tsoro a cikinsu?

Abin da ya kawo maganar sananne ne. Daga watan Fabrairu har zuwa saukar ruwan farko, ciyawa takan ƙare a ƙasar Garwa, wuta ta cinye sauran, zafi kuwa a Maris da Afrilu ya haura digiri 40. Wanda ba shi da ƙarfin sayen dusar auduga, wadda muke kira turto, ba shi da wata dabara sai ya sa yaro ya hau bishiya da adda ya sassabo wa shanu ganye. Maɗaci ne, kawo ne, madobiya ce, ko kuwa a kakkaɓo 'ya'yan gawo. Yaron da ya tashi yana duba ƙasa saboda kububuwa, yanzu ga hannunsa da fuskarsa cikin ganye, gaba uku ko huɗu daga ƙasa. To, can sama ma akwai masu gida.

Abin da muke so mai karatu ya riƙe shi ne, koren macijin da yaro ya saba gani a mangwaron Garwa har ya raina shi, ba lalle ne ya zama shi ne koren da zai tarar a dajin Poli ko a kurmin Tibati ba. Launi ɗaya ne, amma wani ba ya komai, wani yana kisa bayan kwana ɗaya ko biyu, wani kuma yana kisa cikin 'yan sa'o'i. Kowannensu yana da ƙasarsa, kuma ruwan sama da itatuwa su ne suka yanka musu iyaka. Wanda ya san ƙasar da yake tsaye, ya san rabin abin da ke bisa kansa.

DALILIN DA YA SA SUKA TSAYA A ƘASASHEN ZAFI

Maciji ba shi da ɗumin jiki nasa na kansa kamar sa ko ɗan Adam. Zafin wurin da yake shi ne zafin jikinsa. Wanda ke zaune a ƙasa, in sanyi ya matsa masa, sai ya shige rami ko ƙarƙashin dutse ya lafe. Wanda ya mai da reshe gidansa kuwa ba shi da wannan mafaka. Saboda haka a ƙasashen sanyi irin su Ingila da Jamus, inda itatuwa ke zubar da ganye ƙanƙara ta sauka, ba a samun macijin da rayuwarsa duka a bishiya take, sai dai wanda kan hau jefi-jefi ya sauko.

Abu uku macijin bishiya ke bukata: zafi duk shekara, da ganyen da zai ɓuya a ciki, da abincin da zai samu ba tare da ya sauko ba. Abincin nan kuwa shi ne hawainiya da ƙadangare da kwaɗin bishiya da ƙwai da 'ya'yan tsuntsu, wani lokaci har da jemage. Allah Ya yi musu jiki daidai da aikinsu, siriri mai tsawo, da doguwar wutsiya ta riƙe reshe, da manyan idanu, da launin ganye ko na busasshen reshe.

Inda waɗannan abubuwa uku suka fi haɗuwa a duniya shi ne ƙasashen da ke kusa da tsakiyarta, inda rana ke wucewa bisa kai. A kurmin Amazon na Kudancin Amurka akwai wani kore marar dafi mai matse abin da ya kama. A tsibirin Niyu Gini da kan arewacin Ostareliya akwai koriyar mesa mai kwana a naɗe kan reshe. A Indiya da ƙasashen kudu maso gabashin Asiya akwai wanda ke baje jikinsa ya yi faɗi, ya diro daga wannan bishiya ya sauka kan waccan kamar mai tashi. Duk waɗannan babu su a nahiyarmu, kamar yadda namu irin su mamba babu su a can. Teku ta tsare su daga gabas da yamma, mu kuma nan hamadar Sahara ce katangarsu ta arewa. Gwargwadon yadda mutum ya nisanci hamada ya doshi kurmi, gwargwadon yadda ire-irensu ke ƙaruwa.

HANYARMU HAWA HUƊU CE

In muka ɗauki hanyar da shanu ke bi daga kan iyakar Cadi har bakin teku, za mu iya kasa ta kashi huɗu.

Kashi na farko shi ne yankin Arewa Mai Nisa, watau Kuseri da Waza da Marwa da Bogo da Yaguwa. Ruwan sama a nan bai cika wuce milimita 500 zuwa 800 a shekara ba. Dajin ƙaya ne, aduwa da bagaruwa da farar ƙaya, sai gawo a gonaki da dalbejiya a cikin gari. Itatuwan a warwatse suke, reshen wannan ba ya taɓa na waccan. Macizan bishiya a nan kaɗan ne, kuma akasari a bakin ruwa ake ganinsu, gefen kogin Logon ko cikin lambuna. Haɗarin wannan ƙasa a ƙasa yake.

Kashi na biyu shi ne namu, kwarin Binuwai: Gidar da Figil da Pitowa da Garwa da Adumri da Ngong da Lagdo, har Poli da Collire da Tuboro. A Garwa ruwa yakan kai wajen milimita 1,000, kuma yana ƙaruwa in an yi kudu. Nan ne dajin doka da maje da marke da kaɗanya da maɗaci da kawo. Nan ne kuma manyan gandun daji na gwamnati suke, na Binuwai da na Buba Njida waɗanda aka mai da su gandun ƙasa a 1968, da na Faro a 1980. Burtalinmu a tsakaninsu yake ratsawa, kuma titin Garwa zuwa Ngaundare yana bin gefen gandun Binuwai. Dajin da aka hana sara da kiwo a cikinsa, itatuwansa a cike suke, haka ma abin da ke zaune a kansu. Wannan kashi shi ne ƙasar macijin da ake kira bumsilang, wanda za mu yi bayaninsa a gaba.

Kashi na uku shi ne tudun Adamawa. Da zarar mota ta wuce Mbe ta kama hawan da direbobi ke kira Falez, an shiga wata ƙasa dabam. Garwa tana kwari, Ngaundare kuwa tana bisa tudu mai tsayin wajen mita 1,100, ruwanta yana kai wajen milimita 1,500. Kan tudu ciyawa ce, amma kowane kwari da rafi ya bi akwai kurmi mai duhu da ba ya bushewa. Haka abin yake a Tibati da Banyo da Maiganga, haka kuma a tsallaken iyaka wajen tudun Mambila. A cikin waɗannan kurame ne koriyar mamba ke fara bayyana.

Kashi na huɗu shi ne kurmi sosai: Bertuwa da Nanga-Eboko da Yawunde da Duwala, har Kiye-Osi inda ake fitar da shanu zuwa Gabon da Ikwatoriyal Gini. Nan macizan bishiya suka fi yawa, nan kuma masu dafin cikinsu suka fi yawa.

Iyayenmu da suka yi wannan tafiya a ƙasa, makonni suke yi, suna shiga kowace ƙasa sannu a hankali, suna tambayar mutanen wurin. Amma tun da jirgin ƙasa ya iso Ngaundare a 1974, sa'an nan ga tireloli, yaron da aka ɗauka a karar Adumri zai iya samun kansa a Yawunde cikin 'yan kwanaki. Daga Garwa zuwa Ngaundare bai kai kilomita 300 ba, daga can zuwa Yawunde a jirgi ya ɗan haura 600. Jikinsa ya isa kurmi, amma saninsa na maciji yana nan na Garwa. Wannan shi ne wurin da ake samun matsala.

KOREN DA BA YA KOMAI

Mafi yawan koren macijin da muke gani a mangwaro da lemo da shingen lambu a Garwa da kewaye, siriri ne kamar bulala, kaurinsa bai fi yatsa ba, tsawonsa wajen mita ɗaya ko ƙasa da haka. Wasu Hausawa suna ce masa damatsiri, masana kuwa suna kiran danginsa Philothamnus. Ba shi da dafin da ke cutar da mutum. Kwaɗi da ƙananan ƙadangaru yake ci, shi ya sa ya fi son bakin ruwa. Ana samun danginsa tun daga Senegal har Afirka ta Kudu, a daji da kurmi duka. In an kama shi yana iya cizo, amma wurin ba ya wuce ƙwarzane.

Laifinsa ɗaya ne, shi ne yana koya wa yara raini. Yaron da ya kashe irinsa goma bai ga komai ba, sai ya ɗauka duk kore haka yake.

BUMSILANG, MAI KISA A HANKALI

Sunan daga harshen Turawan Afirka ta Kudu ya fito, ma'anarsa macijin bishiya. A littattafan likitoci ana rubuta shi Dispholidus typus, kuma yana da kyau mai garke ya rubuta wannan suna ya ajiye a aljihu. Ƙasarsa daji ne mai itatuwa, ba hamada ba, ba kuma tsakiyar kurmi mai duhu ba. Ya bazu daga Senegal ta arewacin Najeriya da Kamaru da kudancin Cadi har gabashin Afirka, ya gangara har ƙarshen Afirka ta Kudu. Ke nan kashi na biyu da na uku na hanyarmu duk gidansa ne, haka ma dajin Yola da Ganye da sauran ƙasar Adamawa da Taraba a ɓangaren Najeriya.

Tsawonsa yakan kai mita ɗaya da rabi, wani har kusan biyu. Kansa gajere ne mai kama da ƙwai, idanunsa manya ƙwarai in aka gwada da girman kan. Namijin yakan zama kore, wani da baƙin zane tsakanin saɓa, macen kuwa akasari ruwan ƙasa ce kamar reshe. Saboda haka maganar cewa kore kaɗai ake tsoro a bishiya ba ta tsaya ba. In an matsa masa yakan kumbura wuyansa kamar an hura. Abincin da ya fi so hawainiya ce da 'ya'yan tsuntsu. Bishiyar da kabare suka cika da sheƙa, ko wadda aka ji tsuntsaye suna ta kururuwa a wuri ɗaya suna kai bara, a yi hattara da ita.

Maciji ne mai gudun mutane. Ba ya bin kowa, kuma yawancin waɗanda ya sara sun kama shi ne ko sun ɗora hannu a kansa. Amma ɗora hannu a reshe ba tare da dubawa ba, ai shi ne aikin mai sassabe tun safe har yamma.

Haƙoran dafinsa a can baya suke cikin baki, shi ya sa aka daɗe ana ɗaukarsa marar haɗari. Abin da ya buɗe wa duniya ido shi ne mutuwar wani babban masanin macizai mai suna Karl Schmidt a birnin Cikago na Amurka a 1957. An kawo masa wani ɗan ƙaramin bumsilang ya duba, ya sare shi a babban yatsa. Da yake ƙarami ne, kuma haƙori ɗaya ne ya shiga, sai bai je asibiti ba, ya koma gida yana rubuta abin da yake ji sa'a bayan sa'a. Jini ya fara fita masa ta dasashi da hanci da fitsari. Washegari da safe ya karya kumallo yana ganin ya sami sauƙi, amma kafin yamma rai ya yi halinsa. In malamin macizai ya ruɗu haka, ina ga yaron kora?

Yadda dafin ke aiki shi ne yana cinye abin da ke sa jini ya daskare. Wurin saran ba ya kumbura sosai, ba ya zafi sosai. Mutum zai sauko daga bishiya ya ci tuwo ya yi hira, kowa ya ce an yi arziki. Sai bayan sa'o'i da dama, wani lokaci kwana guda cur, ciwon kai ya zo, da amai, jini ya fara tsiyaya daga dasashi da hanci da tsofaffin raunuka, yana kuma zuba a ciki inda ido ba ya gani. Allurar dafin da aka saba ajiyewa a asibitocinmu an haɗa ta ne domin su kububuwa da kasa da gamsheƙa da mamba. Ta bumsilang dabam ce, a Johannesbag ta Afirka ta Kudu ake yin ta, kuma samunta a nan yana da wuya. Duk da haka asibitin da ke iya ƙarin jini da lura da ƙoda yana ceton rai in an kai mutum da wuri.

KORIYAR MAMBA DA 'YAN UWANTA

Mamba iri huɗu ne a duniya, kuma duk a Afirka suke. Uku kore ne masu zaman bishiya, kowanne da yankinsa. Akwai na yamma, daga Gambiya da Gini ta Gana da Togo har Binin, watau wanda masu kai shanu wajen Kwatano za su iya haɗuwa da shi. Akwai na gabas, a bakin teku daga Kenya zuwa Afirka ta Kudu, wannan bai shafe mu ba. Sai na tsakiya, wanda ake kira mamban Jemson, shi ne namu. Ƙasarsa ta kama daga kudancin Najeriya ta kudancin Kamaru da Gabon da Kwango har Yuganda da yammacin Kenya. Masu lodi zuwa Inugu da Anaca da Fatakwal, da masu zuwa Yawunde da Duwala, duk cikin ƙasarsa suke sauke kaya.

Dogo ne, yakan kai mita biyu ko fiye, kansa siriri mai tsawo, wutsiyarsa rawaya-rawaya da baƙin zane kamar raga. Ba ya tsaya wa kurmi kaɗai, yana zama a gonakin kwakwar manja da na koko da itatuwan cikin gari. Dafinsa jijiya yake kamawa. Fatar ido ta fara saukowa, harshe ya yi nauyi, yawu ya ƙi haɗuwa, daga nan numfashi ya tsaya. Wannan yana iya faruwa cikin sa'a ɗaya ko 'yan sa'o'i kaɗan. Tsakaninsa da bumsilang bambancin ke nan: wancan yana ba da lokaci amma yana yaudara, wannan kuwa ba ya ba da lokaci ko kaɗan.

Na huɗu shi ne baƙar mamba. Jikinsa toka-toka ne, cikin bakinsa ne baƙi. Ya fi zama a ƙasa da ramin gara da duwatsu, amma gwanin hawa ne. Ya fi yawa a gabashi da kudancin Afirka. An same shi a dajin arewacin Kamaru, sai dai ganinsa a nan ba kasafai ba ne.

A kurmin kudu kuma akwai wani siriri mai launin busasshen reshe, wanda kan miƙe a kan kututture ko tsiro bai motsi, har mutum ya kama shi da zaton itace ne. Dafinsa irin na bumsilang ne, kuma shi ba a yi masa allura ba sam. Wanda aka aika ya yanko ganye ko itacen wuta a zangon kudu, ya duba abin da zai kama.

ABUBUWA UKU DA KE RUSA IYAKA

Kada mai karatu ya ɗauka waɗannan iyakoki an ja su da alƙalami ne kamar na duwan. Abubuwa uku suna tsallakar da maciji daga ƙasarsa.

Na farko kurmin bakin rafi. Kogi yana jawo kudu zuwa arewa. Duk inda Faro ko Mayo Rai ko Vina suka bi, itatuwan bakinsu sun fi na kewaye tsayi da duhu, kuma abin da ba zai iya rayuwa a fili ba yana rayuwa a nan. Mu fatake mun riga mun san wannan ta wata hanya, domin irin wurin nan ne tsando ke zama, mai sa wa shanu sammore. Inda ka ji tsoron tsando saboda dabba, ji tsoron reshe saboda yaro. Ga shi kuwa a bazara nan ne kaɗai ake samun ruwa da ɗanyen ganye, nan muke yada zango.

Na biyu ambaliya. Tun da aka kammala madatsar Lagdo a 1982, in ruwa ya yi yawa akan saki, kamar yadda ya faru a 2012 da 2022, lokacin da Binuwai ta cika ta shafe gonaki da gidaje har cikin Najeriya. A irin wannan lokaci macijin ƙasa ma hawa yake, ya nemi bishiya ko jinka ko tudun da aka tara shanu. Gamsheƙa ko da ba ambaliya tana hawa neman ƙwai. Saboda haka wanda ya gani a bishiya ba lalle ne ɗan bishiya ba ne.

Na uku mota. Tirelar da ta kai shanu kudu ba ta dawowa wayam, tana ɗauko katako da ayaba da kwakwa da goro. Maciji yana iya shiga cikin nonon ayaba ko tsakanin katako. Wanda ke ganin wannan tatsuniya ce, ya ji labarin tsibirin Guwam na tekun Fasifik. Bayan yaƙin duniya na biyu wani macijin bishiya mai ruwan ƙasa, ɗan asalin yankin Niyu Gini, ya shiga tsibirin cikin kayan soja. Da yake babu abin da ke cinsa a can, sai ya yaɗu ya ƙarar da yawancin tsuntsayen dajin tsibirin, yana hawa turakun lantarki yana jawo ɗauke wuta. Mu nan mamban kurmi ba zai yi zuriya a zafin Garwa da bushewarta ba, amma guda ɗaya da ya iso da rai ya ishi ɗan dako.

KADA A MANTA DA NA ƘASA

Duk da abin da muka faɗa, gaskiya ita ce wanda ya fi kashe mutane a kwarin Binuwai ba a bishiya yake ba. Kububuwa ce, wadda ake yi wa kirari da gobe da nisa, sai kasa da gamsheƙa. Haka abin yake a Poli da Tuboro, haka yake a Kaltungo ta jihar Gombe, inda asibitin saran maciji ya shahara. Su ne kuma ke saran shanu a ƙafa da baki, domin sa ba ya hawa bishiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara a duniya saboda saran maciji, kuma a 2017 ta sa shi cikin manyan cututtukan ƙasashen zafi da aka yi sakaci da su. Yaron da ya sauko lafiya daga maɗaci ya zo tattara ganyen da ya zubo da hannu, nan ma a gindin bishiyar akwai mai jiransa. A tattara da sanda, a sa takalmi mai rufi.

ABIN DA YA KAMATA MU YI

Kafin a hau, a tsaya a ƙasa a ɗaga kai a duba, a jefa dutse ko a bugi rassan da doguwar gora, a ɗan jira. Macijin bishiya in ya ji motsi kuma ya ga hanya, tafiyarsa yake. Kada a hau bayan magariba. Kada a zura hannu a kogon bishiya ko sheƙar tsuntsu. Kada yaro ya hau shi kaɗai babu kowa a ƙasa, domin da yawa ba saran ne ke ji musu ba, firgita ce ke sa su saki reshe su faɗo. In an gan shi, a sauko a bar masa bishiyar. Ba a tsayawa tantance girman ido da launin wutsiya da fuska kusa da shi.

In ƙaddara ta faɗa, a kwantar da wanda aka sara, a cire masa zobe da agogo da guru ko duk abin da zai matse in wurin ya kumbura. A ɗaure gaɓar da itace kamar yadda ake yi wa karaya domin kada ta motsa, amma ban da ɗaurin da ke tsai da jini. Ban da tsaga, ban da tsotsa, ban da ƙonawa. Baƙin dutsen da ake mannawa ba ya zuƙe dafin da ya riga ya shiga jini. Ban da asfirin da sauran magungunan ciwon jiki na 'yan tebur, domin suna ƙara tsinka jini. In ciwo ya yi yawa, farasitamol ya isa. A ɗauke shi a mashin ko mota, kada ya taka da ƙafarsa. In yana amai a kwantar da shi ta gefe.

A asibiti a gaya wa likita abu uku: a bishiya ne ko a ƙasa, a wane gari ko daji, kuma da ƙarfe nawa. In an ɗauki hoton macijin da waya daga nesa, a nuna, amma kada a ɓata lokaci wajen farautarsa. Akwai gwaji mai sauƙi da ake yi ko a ƙaramin asibiti: a ɗebi jini a zuba a busasshiyar kwalba mai tsabta a ajiye minti 20, in bai daskare ba, dafi yana aiki. Wanda maciji ya sara a bishiya, ko da gwajin farko ya yi kyau, a bar shi a asibiti akalla kwana guda a sake gwadawa. Kada mai garke ya ce kasuwa za ta wuce mu, tashi mu tafi tun da kana jin daɗi. Jin daɗin nan shi ne tarkon.

Sa'an nan ga namu, mu iyayen gida. Kowane garke muna ware masa kuɗin allura da na gishiri da kanwa da na takardu. Allurar dafin maciji tana da tsada, kuma sau da yawa sai an biya ake yi. Ya kamata shugaban 'yan kora ya riƙe kuɗin da aka ware domin wannan kaɗai, ya san asibitin da ya fi kusa da kowane zango, ya kuma riƙe lambar mai mashin a garuruwan hanya. Yaron da za a tura kudu karo na farko, a zaunar da shi a gaya masa cewa koren can ba na gida ba ne. Waɗanda ba su iya karatu ba, a karanta musu wannan takarda, a juya musu da Fulatanci ko Larabcin Shuwa in ta kama.

Malamanmu sun karantar da mu cewa wanda ke aiki a ƙarƙashin mutum amana ce a wuyansa, kuma tawakkali ba ya hana bin sababi. Sa in ya faɗi ana mai da gurbinsa a kasuwa ta gaba. Ɗan mutane kuwa in aka koma wa iyayensa da sandarsa da butarsa kaɗai, babu ribar da za ta rufe wannan. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya tsare mu da yaranmu da dukiyarmu a gida da daji, Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin. Wassalam.